Kafin a Kawo Gatari: Yadda Gyara da Fenti Ke Ceto Tsofaffin Kayan Ɗaki

A yawancin manyan gidaje na cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, akwai lungun da ake tara abin da aka gaji da gani amma aka kasa zubarwa. A wani gidan zaure na biyu ne, a wani gidan ƙarƙashin matattakala, a wani kuma bayan madafi inda awaki ke fakewa idan ana ruwa. Nan za ka tarar da kan gadon da aka kai wata goggo da shi shekara arba'in baya, da kabad mai fasasshen gilashi, da teburin da marigayi mai gida ya yi aikin En'e a kansa, da kujeru masu hannun katako waɗanda sosonsu ya zama gari. Ƙura ta rufe su, kaji na kwana a kai. Ranar da iskar gas ta ƙare ko itace ya yi tsada, sai a aiki yaro ya kawo gatari.

Da yawa daga cikin abin da ake faskarawa a irin wannan rana ya fi abin da ke cikin falon gidan daraja. Kafintocin da suka yi kayan nan sun yi aiki da madaci, da kawo, da maɗobiya, da loko wanda ake kawowa daga dazukan kudu, katakon da a yau ko ka je 'Yan Katako ta Na'ibawa da kuɗi a hannu sai ka sha yawo kafin ka samu busasshe mai faɗi irin na da. Itatuwan da aka yanko su daga ciki sun shekara gommai suna girma, kuma katakon ya ƙara wasu gomman yana bushewa a cikin ɗaki. Ya gama duk wata lanƙwasa da tsagewar da zai yi. Sabon katako kuwa sau da yawa ɗanye ake sayar da shi, kafinta ya haɗa ƙofa da damina ta zauna daram, hunturu na shigowa ta buɗe baki.

Labarin maɗobiya kaɗai ya isa ya nuna inda aka kwana. A cikin 'yan shekaru bayan 2013 aka yi wa wannan itace kisan kiyashi a dazukan Kogi da Taraba da Adamawa, ana loda gungume a kwantena ana kai wa ƙasar Sin, inda ake yin kayan ɗaki masu tsada da shi. Abin ya kai ga taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sa maɗobiya cikin jerin itatuwan da sai da izini na musamman za a yi cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Wanda ke da tsohuwar kujerar maɗobiya a zaure yana riƙe da abin da 'yan kasuwa suka tsallaka teku suna nema.

Abin da ya maye gurbinsu

Kayan ɗakin da ake jera wa amare yanzu, galibinsu da allon MDF ake yi. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse da zafi, aka lulluɓe da wata fata mai sheƙi. Yana da kyan gani, yana da santsi, yana karɓar kowane irin zane, shi ya sa ya karɓu. Amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Idan ana goge tayil kullum ruwa na taɓa gindin wadirof, a hankali sai ya kumbura ya fara ɓarɓashi. Idan aka kwance gado sau biyu ko uku wajen tashi daga gidan haya zuwa wani, ramukan sukuru sun saki ke nan, ba abin da zai sake kama su. Ranar da ambaliya ta shiga gida, tsohon teburin madaci za a fito da shi a shanya a inuwa ya koma aikinsa, shi kuwa allon sai juji.

Ga shi kuma ba araha ba. Yawancin allon nan da hinjinsa da hannayen durowa daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashi ta yi ta hawa har ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A al'adarmu kayan ɗaki nauyi ne a kan iyayen amarya. Uban da ke da 'ya'ya mata uku da suka isa aure shi ya san abin da wannan lissafi yake nufi. Ana ɗage biki saboda gado da kujeru, ana cin bashi saboda su, ana sayar da fili saboda su.

Cinikin tsofaffin kaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dillaliya ta daɗe tana shiga gida-gida, tana karɓar gadon wadda za ta yi canjin kayan ɗaki, ko uwargidan da za a yi wa kishiya take so ɗakinta ya sabunta, ta kai wa wata mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne mutanen da a da ba za su kalli gwanjo ba sun fara tambayar kafinta ko za a iya tayar da na tsohuwa. Amsar ita ce ana iyawa, muddin za a yi aikin da ke ƙarƙashin fentin. A nan ne ake rabuwa tsakanin gwani da mai rufa-rufa.

A rumfar kafinta

Ɗauki kabad irin na shekarun 1970, mai ƙofa biyu ta gilashi a sama da durowa uku a ƙasa, wanda aka jera kwalla da samira a cikinsa har zamaninsu ya wuce. Gwani ba ya fara maganar launi. Kwantar da shi zai yi ya duba ƙafafu da bayansa, don nan gara ke fara shiga. Zai bi shi da gindin sukudireba yana ƙwanƙwasawa: inda katako ke da rai amsawa yake da ƙarfi, inda gara ta cinye ciki ta bar ɓawo sai ka ji ƙarar fanko. Ƙananan ramuka masu zubar da gari mai laushi alama ce ta ƙwaron da ke huda katako, kuma idan garin sabo ne ƙwaron na nan ciki. Sai an yi maganinsa, a yanke wurin da ya mutu a dasa wani katako mai kama da shi. Idan gado ne ko kujera, akwai kuɗin cizo da ke ɓuya a mahaɗa, dole a kwance komai a baje a rana mai zafi a bi kowace kusurwa. Fesa fiya-fiya a rufaffen ɗakin da mutane za su kwana ganganci ne da ya sha jawo asarar rai.

Daga nan sai a cire duk abin da ke ciruwa: gilashi, hinji, makulli, hannayen durowa. Mai hankali yana zuba su a gwangwani ɗaya, yana rubuta lamba da alli a bayan kowace durowa, saboda a kayan da aka yi da hannu ta sama ba lallai ta shiga ramin ta ƙasa ba. Mahaɗar da ke girgiɗi ba a yi mata maganin ƙusa. Ana buɗe ta, a kankare tsohon gam, a sa sabon farin gam, a matse da maƙala ko a ɗaure da igiyar roba ta kwana. Ƙusar da aka buga a busasshen madaci ba tare da an fara huda rami ba tsaga shi take yi. Ramuka da tsaguwa ana cike su da foti, ko da lallausan garin katakon kansa a kwaɓe da gam.

Sai wanki, wanda shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Kabad ɗin da ya shekara talatin a ɗakin mace ya sha hayaƙin turaren wuta, da man hannu, da tururin abinci, da folish iri-iri. Duk wannan maiƙo ne, kuma fenti a kan maiƙo kamar lalle ne a hannun da aka shafa wa mai: za a ga kamar ya zauna, amma ba zai kama ba. Ana wankewa da ruwan sabulu da tsumma matsattse, ba a kwarara ruwa, a bari ya bushe sarai a inuwa.

Bayan haka sanfefa. Lambar da ke bayan takardar tana nuna kaushinta: 80 mai kaushi ce don cin tsohon banish da ya tsattsage, 120 tana share sawun ta farko, 180 ko 220 tana kawo santsi. Ana bin tsawon jijiyar katako, ba a gitta ta, don duk layin da aka gitta zai fito fili bayan fenti ya hau. Ba dole ne a kankare tsohon shafi har katako ya fito tsirara ba. Idan yana manne da kyau, kashe sheƙinsa ya wadatar, domin sabon ya samu abin kamawa. Almajirin kafinta yakan wuni a kan wannan aiki, kuma maigidansa da tafin hannu yake duba aikin, ido a rufe, yana shafawa yana neman inda ya rage.

Akwai wani hali na jan katako da ke ba sababbin masu sana'a mamaki. A shafa wa madaci farin fentin ruwa da yamma, da safe a tarar da tabo ja-ja ko ruwan goro ya ɓullo ta cikinsa. A ƙara shafi, ya sake ɓullowa. Rinin da ke cikin katakon ne ruwan fentin ke jawowa sama, kuma ko shafi goma aka yi ba zai daina ba. Maganinsa shafin farko mai toshewa, na mai ko na shalak, kafin a kawo launi. Loko kuma yana da maiƙo na halitta, sai an goge shi da tina kafin komai ya kama, ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi. Gadon fomeka, wanda ya yi tashe bayan gadon ƙarfe, shi ma yana fentuwa, amma sai an kashe santsinsa sosai an sa shafin farko mai manne wa abu mai sulɓi.

Fentin kansa siriri-siriri ake sa shi. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da ɗan gogen sanfefa mai laushi a tsakani, sun fi shafi ɗaya mai kauri wanda zai zubo da hawaye ya yi fata a sama ciki na ɗanye. Fentin mai yakan buƙaci kwana guda kafin a ƙara wani a kansa. Masu injin feshi sun fi son fenti mai bushewa nan take da ake sirkawa da tina, irin wanda ke ba da sheƙin jikin mota, amma shi ma yana da lokacinsa. A tsakiyar damina, cikin Agusta, laimar iska kan sa ya yi hazo fari-fari. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Shi ya sa za ka ga gwani ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfa, ya kewaye da tamfol, ya yi feshinsa da sassafe kafin iska ta taso da motoci su fara tada ƙura.

Gubar da ba a gani

Dole a tsaya a kan maganar dalma, domin ita ce ke iya mai da wannan aikin alheri ya zama cuta. Shekaru da dama ana zuba sinadaran dalma a fentin mai don launi ya yi haske ya kuma bushe da wuri, musamman rawaya da ja da ruwan lemo da kore. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, amma a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya ya ci gaba da yawo a kasuwa shekaru masu yawa bayan haka, kuma gwaje-gwajen da aka yi wa fentin da ake sayarwa a Najeriya sun sha gano shi. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ta bar rauni na dindindin.

Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara sun binne yara sama da 400 saboda gubar dalma. Can daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baki. Don haka wanda zai goge tsohon gado ko tebur mai fentin mai kada ya yi a tsakar gida inda ake shanya tuwo yara na wasa. A jiƙa wurin a goge shi da laima don kada ƙura ta tashi, a shimfiɗa leda a tattara abin da ya zuba, a rufe hanci da abin rufewa na gaske, a canza kaya a wanke hannu kafin cin abinci. Ƙone tsohon fenti da wuta don ya saki ya fi komai muni. Mai ciki kada ta kusanci wurin. Gadon jariri kuwa, wanda yaron zai riƙa gatsa da haƙora, ban ga dalilin da zai sa a yi masa fentin da ba a tabbatar da abin da ke cikin gwangwaninsa ba.

Ba kowane katako ke son fenti ba

A Ingila da Amurka fenta tsofaffin kayan ɗaki ya zama babbar kasuwa, musamman tun da wata Baturiya, Annie Sloan, ta fito da fentinta mai kamar alli a 1990, wanda ba ya sheƙi kuma yake kama abu ba tare da dogon shiri ba. Su har gogewa suke a gefe-gefe don sabon fenti ya yi kamar ya tsufa. Mu kuwa sheƙi muke so, abin da zai ɗauki ido idan 'yan ganin ɗaki sun shigo. Amma gardamar da suke yi a can, kan ko a fenta katako mai kyau ko a bar shi, ita ce ake yi a rumfunan kafintocinmu. Sau da yawa za ka ji kafinta, bayan sanfefa ta buɗe masa jan katako mai jijiya kamar ruwa na gudu, yana roƙon mai kaya: "Hajiya, wannan madaci ne tsantsa, ki bari a sa masa banish kawai." Ita kuma ta ce, "Malam, ni dai fari nake so da ruwan gwal, irin wanda ake yayi."

Ina bayan kafintan a nan, amma ba a kowane hali ba. Katako mai kyan jijiya wanda bai ji rauni ba, rufe shi da fenti asara ce, don cire fenti daga cikin sassaƙa da lungu aiki ne mai cin rai. Haka abin da ke da tarihi, kamar tsohuwar ƙofar gidan sarauta ko akwatin littattafan wani malami, wannan tsaftacewa yake so da ɗan mai, ba launi ba. Amma kabad ɗin farin katako da aka yi wa faci uku, ko teburin da ruwa ya ɓata fuskarsa, ko wadirof ɗin filawud da fatarsa ta ɗaɗɗago, fenti ne rufin asirinsu. Kuma akwai tsaka-tsaki: a bar saman tebur da banish, a fenta ƙafafu. Idan zaɓin ya rage tsakanin farin fenti da murhu, a sa farin fentin.

Kayan ƙarfe sun fi sauƙin hukunci. Gado mai rumfa da adaka mai zanen furanni, waɗanda iyayenmu suka tare da su, tsatsa ce kawai ciwonsu. A bi su da buroshin waya, mai walda ya ɗinke inda ya karye, a sa jan fenti mai hana tsatsa, sannan launi. A Panteka ta Kaduna irin wannan aiki abin yau da kullum ne. Sai dai 'yan gwangwan sun riga masu gyara zuwa gidaje da yawa, sun saye gadajen a kan nauyin kilo an kai su narkawa. Adakar da zanenta na asali bai goge ba, gara a wanke ta a sa mata banish marar launi, don masu irin wannan zanen da buroshi sun yi ƙaranci.

Babban abin da ke tare hanya shi ne bakin mutane. Uwa na iya sanin gadonta ya fi na kanti ƙarfi sau goma, amma tana tsoron dangin ango su ce an kai 'yarta da tsohon kaya. Wannan tsoro ne ke ciyar da masu rufa-rufa, waɗanda ke sayen ruɓaɓɓen allo, su cusa foti a inda gara ta ci, su fesa sheƙi su naɗe da leda su sayar a matsayin sabo. Mai saye ya jawo durowa ya duba cikinta da ƙarƙashinta, ya leƙa bayan kaya inda ba a fesawa, ya ɗaga gefe ɗaya ya ji nauyi, ya danna gindi da farce. Mai gyara na gaskiya ba ya jin haushin wannan bincike, shi da kansa zai nuna maka inda ya yi faci da irin katakon da ya dasa.

Saura maganar lokaci, wadda a kanta aka fi saɓawa tsakanin mai kaya da mai gyara. Fenti na iya bushewa a taɓa shi cikin sa'o'i, amma ƙamewarsa har ya jure nauyi da gogayya tana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu. Mu kuwa sai ana saura kwana biyar jere ake kai kaya rumfar kafinta, a ɗauko su suna warin tina, a ɗaure da igiya a bayan a-kori-kura, a jera tangaran a kan fentin da bai nuna ba. Sawun igiya da zoben gindin kwano su zauna har abada, a ce mai fenti bai iya ba. Wadda aka sa bikin 'yarta bayan Babbar Sallah, tun cikin watan Azumi ya kamata a fito da gadon daga zaure a kai shi gyara.